Zanen Gawayi

A bangon shagon Mahajub, inda nake kafa murhun shayi,
akwai zanen gawayi guda huɗu.
Na fari, shekarar da na yaye Ikhilas: ruwa iya idon sawu.
Na biyu iya gwiwa.
Na uku ba ni na fara jansa ba,
ruwan ne ya ja abinsa da kumfa da taɓo,
ni dai na bi sawunsa da gawayi
don kada gobe a ce ƙari nake yi.

Unguwarmu a Omdurman ba ta da gangare.
Shimfiɗe take kamar faifai.
Ruwa in ya sauka sai ya tsaya yana waige-waige,
baƙon da bai san ƙofar fita ba.
Kogin Nilu na can, tafiyar bas guda,
amma wa zai raka shi?
Kwatar da aka haƙa masa
mun ɗura mata leda da ɓawon kankana,
da warin takalmi, da katifar da wani ya gaji da ita.

Bara mun ji jiki.
Ɗakin Inna Tabawa ya durƙusa kamar raƙumi,
gaba tukuna, sannan baya,
jar ƙasa ta koma inda aka ɗebo ta.
Kwana tara mota ba ta leƙo layinmu ba.
Kwana tara ban hura wuta ba.
Sauro ya yi aure, ya yi suna, ya ga jikoki
a ƙofar gidana.

Bana, tun hadari bai haɗo ba,
Babikir mai walda ya bi gida-gida.
Nafir, in ji mutanen nan.
Kakata, wadda ta tako daga Haɗeja da niyyar Makka
har guzuri ya ƙare mata a bakin kogin nan,
gayya za ta ce.
Ni sunan bai dame ni ba. Shebur nawa ne?
Sha ɗaya. Da baro biyu, ɗaya ɗingishi yake.

Juma'a uku ana yasar kwata.
Abin da ya fito daga cikinta
kowa ya gane nasa, ba wanda ya tanka.
Mahajub ya ba da buhunan sukari da suka ƙare,
Ikhilas da ƙawayenta suka ɗura yashi,
suna ƙirga, suna ɓata lissafi, suna dariya.
Ni ban ɗaga shebur ba, bayana ya ƙi.
Buta na ɗaga, da kirfa da citta,
ban rubuta bashin kowa ba.

Ƙarfe biyun dare ya sauko.
Wuta ta ɗauke, kamar kullum.
Usur daga bakin masallaci, usur daga gidan burodi,
muka fito da tocilan, zani a ɗage.
Ruwa ya taru, ya yi turus, ya shinshina buhunan,
sai ya sunkuyar da kai ya bi kwata
kamar akuyar da ta gane gida.

Ba duka muka ci ba.
Can ƙasa, wajen kwalbati, ya sake shaƙewa,
ya shiga gida uku, ya jiƙa dawar Sa'adiyya.
Injin zuƙe ruwa na hukuma sai jibi ya iso,
direba na tambayar ina ruwan yake.

Da safe na duƙa na ja na huɗu.
Taƙi guda ƙasa da na fari.
Na daɗe ina kallonsa, har madara ta yi bori.

Yanzu ga wani yaro can, ya shanye ruwan leda,
hannunsa ya nufi kwata.
Kai! Ɗan wa?
Zo nan. Zo ka karanta bangon nan.